Ta akwati ko ta lantarki? Yadda neman jitata ta farko ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kuɗin jita ɗaya nake da su, kuma har yanzu ban san wacce zan saya ba. Akwai ta akwati, wadda cikinta rami ne kuma da kanta take fitar da sautinta. Akwai ta lantarki, wadda gungumen katako ce, sai an jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, kafin a ji ta sosai. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya yake ba ni: fara da ta akwati, yatsunka su sha wuya su yi kanta, in ka iya ta to ta lantarki wasan yara ce. In na nemi dalili sai a ce ai haka kowa ya fara. Ban ƙaryata su ba, amma ina so in taɓa kowacce da hannuna kafin in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Ga yadda na tsara abin. Wani bawan Allah da ke kaɗa jita a wani coci a Sabon Gari, nan Kano, ya yarda zai riƙa koya mini duk yammacin Asabar, kuma zai ara mini tsohuwar ta akwatinsa. Wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ya taɓa aiki a situdiyo, yana da ta lantarki da ta daɗe a ƙarƙashin gado, shi ma ya ce in zo in ɗauka. Zan riƙe su biyun har ƙarshen hunturu, in riƙa rubuta abin da na gani.

Abin da nake so in iya ba ɓoyayye ba ne: kiɗan jitar Abzinawa irin na Agadas. Malamina ya yi dariya da na faɗa masa, ya ce, "Malam, bari dai mu fara da C da G tukuna." C da G sunayen kamu ne, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiyoyi a kaɗa su tare.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ta akwati ce a hannuna tun ranar da na fara. Kan yatsun hannun hagu sun yi ja, tsirkiya ta bar musu layi-layi, ko danna waya sai na ji zafi. Wannan kam an faɗa mini tun farko. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne rabin wahalar ba daga yatsuna take ba, daga jitar take.

Na gane haka ne da malamina ya sa ni sayen ƙaramar rula mai milimita. Ya ce in auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da saman firet na 12, wato ƙarfe na goma sha biyu cikin ƙarafunan da aka jera a wuyan jita. A ta akwati da aka saita da kyau, tazarar kan tsaya wajen milimita 2.5. A ta lantarki ta kan sauko zuwa 2 ko ƙasa da haka. Tawa ta aro ta kusa kai 4. A ido bambancin ba komai ba ne, amma ɗan yatsa shi ya san abin da yake dannewa.

Sai kuma kaurin tsirkiyar. Yawancin jitocin akwati suna zuwa da saitin da ake kira 12, ma'ana siririyar cikinsu kaurinta inci 0.012 ne. In aka ɗaure duka shida yadda ya kamata, ƙarfin jan da suke yi wa wuyan jita ya haura kilo 70. Ta lantarki kuwa galibi da 9 ko 10 take zuwa, kuma jan nasu bai cika wuce kilo 40 zuwa 47 ba. Ba don mugunta aka yi wa ta akwati masu kauri ba. Ita ba ta da wani abin ƙara murya sai fuskar katakonta, dole tsirkiya ta yi nauyin da zai girgiza wannan katako har iskar cikin ramin ta amsa.

Akwai wata dabara da ya nuna mini, na ga ya kamata duk mai koyo ya san ta. Ka ɗaura kafo, wancan maƙalin da ke danne tsirkiyoyi gaba ɗaya, a firet na farko, ka sake kama abin da kake kamawa. In ka ji ya yi sauƙi nesa ba kusa ba, to ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai can saman wuya ya yi tudu da yawa, kuma mai gyara zai iya rage shi. Na gwada, haka ɗin ne. Tun daga nan na fara zargin cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye jita suka ce ba su da baiwa, ba baiwar ce ta gaza ba, jitar da ba a saita ba aka damƙa musu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na ɗauko ta lantarki. Irin ƙirar Stratocaster ce, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1954 kuma masana'antu da yawa a duniya suka kwaikwaya. Wannan ma kwaikwayo ce, ko suna babu a kanta. Na canza mata tsirkiyoyi saboda na da sun yi tsatsa.

Taushinta ya ba ni mamaki. Kamun F, wanda ake shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiyoyi shida a lokaci ɗaya, a ta akwati ban taɓa samun sautinsa ya fita wasai ba. A nan, ko da bai yi kyau ba, an ji kowace tsirkiya ta yi magana.

Amma babban abin da na gano ba taushi ba ne. A gidan haya nake, ɗakinmu bango ɗaya da na maƙwabta, kuma lokacin da nake samu na kaina sai bayan isha'i. Kowa yana ɗauka ta lantarki ce mai hayaniya. A gaskiya in ba a jona ta ba, ƙararta ba ta fi raɗa ba, wanda ke tsakar gida ma ba zai ji ba. Ta akwati ita ce ba ta da makunni. Ko a hankali ka kaɗa ta, sai ta cika ɗaki ta tsallaka bango. A unguwa irin tamu, inda ba kowa ke kallon kayan kiɗa da ido ɗaya ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ban taɓa samun wanda ya yi mini ƙorafi ba, amma ni da kaina na lura ina rage taɓa ta akwati da dare don kunyar mutane.

Nata matsalolin ma sun fito. Amfilifayar da aka haɗo ni da ita sai da wuta, wutar kuwa kowa ya san halinta. In an tayar da janareto kuma sai ta kama wani gurnani marar daɗi. Malamina ya bayyana mini dalili. Abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce wayar ba tsirkiya kaɗai take ji ba, tana kwaso kugin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera fikof mai naɗi biyu a tsakiyar shekarun 1950, ɗaya na kashe kugin ɗaya. Tawa mai naɗi ɗaiɗai ce guda uku, amma in na sa makunnin zaɓi a matsayi na biyu ko na huɗu, inda biyu ke aiki tare, gurnanin yana raguwa sosai.

Wani abin kuma, ba ta rufa asiri. Duk tsirkiyar da ka goga bisa kuskure sai amfilifaya ta sanar da duniya. Dole ka koyi kashe waɗanda ba ka so da gefen tafin hannu, aikin da ta akwati ba ta matsa maka a kai da wuri.

Juma'a, 6 ga Disamba

Wani ya ba ni shawarar ta uku: jita mai tsirkiyar roba, irin ta Sifaniya. Na gwada ta a gidan malamina. Ba ta cin yatsa, wannan gaskiya ne. Sai dai faɗin wuyanta a sama milimita 52 ne, na sauran biyun kuwa 42 zuwa 44, kuma muryarta ba ta yi kama da abin da nake nema ba. Na cire ta daga lissafi. Gargaɗi ɗaya na ɗauko daga wurin: kada a kuskura a sa mata tsirkiyar ƙarfe don neman ƙara, ba a gina ta don wannan jan ba, gadar da ke riƙe tsirkiyoyi za ta iya ɓallewa.

Yatsu sun fara kanta. C zuwa G yana tafiya, D har yanzu tana tsayar da ni.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya shiga lissafin ba tare da an gayyace shi ba. Tun makon jiya na lura ta akwati ta fara wani zizar ƙarfe a firet na farko-farko, alhali ban taɓa komai ba. Da na shafa gefen wuyan kuma sai na ji bakin ƙarafunan sun ɗan fito suna karce hannu. Na kai wa mai ita ina fargabar ko ni na lalata.

Ya duba ya ce, "Ba kai ba ne, Malam, iska ce. Duk shekara haka take yi mini." Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, tsakiyar hunturu, danshin kan faɗo ƙasa da kashi 20. Katako yana bushewa ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, shi ya sa bakin firet ke leƙowa. Fuskar ta akwati siririya ce ƙwarai, ba ta cika wuce milimita 3 ba, in ta bushe sai ta ɗan lotsa, gadar ta sauko, tsirkiya ta fara taɓa ƙarfe. In abin ya yi tsanani sai fuskar ta tsage. Ya nuna mini wata tsohuwar tsaga a bayan gada da aka like tun shekarun baya. Da damina kuma akasin haka ake samu, katako ya kumbura, tsirkiya ta yi sama.

Wani abin da ya juya mini tunani: jitar akwati mai tsada, wadda fuskarta falle ɗaya ne na katako, ita ta fi saurin tsagewa. Mai araha, wadda aka yi da siraran falle-falle da aka manne, ta fi jure bushewa, ko da yake muryarta ba ta kai ta waccan ba. Ke nan ga mai koyo a Arewa, araha a nan ba aibi ba ce.

Maganin da ya ba ni na gida ne. A samu gidan sabulu na roba a huda masa ramuka, a sa soso mai ɗan danshi wanda aka matse sosai, a ajiye cikin jakar jita a zuge. Kada ruwa ya taɓa katakon, kada kuma a jingina ta kusa da taga ko a bar ta cikin mota a rana.

Ta lantarki fa? Ita ma bakin ƙarafunanta sun ɗan fito, don wuyanta katako ne. Amma jikinta kauri gare shi, babu siririyar fuskar da za ta lotsa ko ta tsage. Abin da hunturu ya yi mata shi ne ƙura: makunnin ƙara murya ya fara ƙarar ƙas-ƙas in na murɗa shi.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Na matsa wa malamina har ya yarda muka saurari kiɗan Agadas tare, da jita a hannu. Bai daɗe ba ya gano ginin. Babban yatsa yana ta bugun tsirkiya mai kauri ba tsayawa, ita ce ƙasan kiɗan da waƙar ke hawa a kai. Manuniya kuma tana zana waƙar a kan sirara, galibi cikin sautuka biyar, irin tsarin da kunnen Bahaushe ya saba da shi a garaya da gurmi. Adon kuwa daga hannun hagu yake fitowa: ka buga sau ɗaya, sai ka sauke yatsa da ƙarfi a kan tsirkiya ko ka fizge shi, sautuka biyu ko uku su fito daga bugu guda. Wannan adon shi ne ya fi sauƙi a tsirkiya mai taushi da ke kusa da wuya, kuma amfilifaya tana riƙe sautin ya daɗe bai mutu ba. A ta akwatin aro, in na sauke yatsa, sautin kan mutu kafin a ji shi.

Wasu makaɗan Sahara kan ɗaga tsirkiya mafi kauri daga sautin E zuwa sautin G, wato a ƙara ɗaure ta, don ta zama ƙasan kiɗan. Kafin in gwada malamina ya ja mini kunne: wannan ɗagawa tana ƙara jan tsirkiyar da kusan kashi 40 cikin ɗari. A ta lantarki mai saitin 9 na yi, lafiya lau. A tasa ta akwati mai tsohuwar tsaga, cikin wannan bushewa, ya ce kada in soma.

Ba zan ɓoye hujjar malamina ta a fara da ta akwati ba, don tana da ƙarfi. Ya ce su kansu Abzinawan da ta akwati da yawansu suka fara, kuma har gobe suna kaɗa ta a zaman hira inda babu wuta babu janareto. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya da ta lantarki, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bombino, ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Grammy, da duka biyun yake kiɗa. Ya ƙara da cewa ta akwati tana gina hannun dama, don in bugunka ba daidai yake ba babu makunnin da za ka murɗa ka ɓoye. Kuma ɗalibansa masu ta lantarki, in ji shi, rabin lokacinsu wajen wasa da makunnai yake tafiya.

Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shan wuya sharaɗi. Wanda ya haɗa jita da wayar birki bai zaɓi wuya ba, abin da ya samu ke nan. Ni kuwa zaɓi ne a gabana, kuma in na duba makonnin nan, wadda hannuna ya fi kaiwa gare ta da dare ita ce ta lantarki, ba a jone ba ma.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun zaga shagunan kayan kiɗa a Sabon Gari, ni da malamina. Ban sayi komai ba, ido na je ba wa abinci.

Lissafin kuɗi dai ya fi goyon bayan ta akwati. Ita da jaka da tsirkiyoyin ajiya, an gama. Manhajar saita sauti kyauta ce a waya. Ta lantarki kuwa tana jan wasu kaya a bayanta: amfilifaya, wayar jonawa, maɗaurin rataya a kafaɗa, don ta fi kilo 3 nauyi. Sababbi masu sunan da aka sani, irin su Yamaha F310 a ɓangaren akwati, ko Yamaha Pacifica da Squier a ɓangaren lantarki, sun yi wa aljihuna nisa, musamman na lantarkin. Saura 'yan gwanjo, waɗanda yawancinsu ta Legas suke shigowa.

A nan na ga amfanin zuwa da wanda ya sani. Sunan da ke rubuce a kan jita ko kallonsa bai yi ba, ya ce fenti ne, kowa zai iya rubutawa. Sai ya ɗaga ta ya saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba gorar da zai saya, yana neman ko wuyan ya murɗe. Lanƙwasa kaɗan ba matsala ba ce, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki a gyara, amma murɗewa ba ta da magani mai araha. Daga nan ya bi firet ɗaya bayan ɗaya yana sauraron ziza. Ya kaɗa tsirkiya a sake, ya danne ta a firet na 12, wanda shi ne daidai rabin tsawonta, ya ce dole sautin ya zama ɗaya sai dai na biyun ya fi siranta, in ya kauce to duk abin da ka kama can ƙasan wuya zai yi tsami. A na akwati yana tura 'yar takarda a ƙarƙashin gada ya ga ko ta fara ɗagowa. A nan ma ta lantarki ta fi sauƙin sha'ani: tazarar kowace tsirkiya daga firet da tsawonta da ƙananan kusoshi ake saita su, ta akwati kuwa sai an cire abu an goge da fayil.

Wani mai shago ya ga muna ta juya kaya ba mu ciro kuɗi ba, ya ce, "Alhaji, wannan duba haka, ko mota ce?" Malamina ya ce masa, "Oga, mota ai ana iya kai ta gareji ko'ina. Wannan in ta lalace mu nawa ne a garin nan za mu iya gyara ta?"

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na saya. Ta lantarki ce 'yar gwanjo, ƙirar Stratocaster, wuyanta miƙe, kuma fikof ɗinta na kusa da gada mai naɗi biyu ne, don haka gurnani ya ragu. Maimakon babbar amfilifaya na ɗauki 'yar ƙarama da ake cusawa kai tsaye a jikin jitar, tana aiki da ƙananan batura biyu, a saurara da iyafis. Da wuta da babu wuta duk ɗaya ne a wurinta, kuma ba wanda ke ji sai ni. Kuɗin duka ya ɗan haura na sabuwar ta akwati mai araha, na cike da abin da na so in sayi takalmi da shi.

Da a ƙauye nake, ko a gidan kaina mai fili, ko da burina in riƙa rera waƙa ina raka kaina cikin abokai, ta akwati zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, in kai ta a rage mata tudu, in sa mata saitin 10 ko 11. Ɗakina da lokacina da irin kiɗan da nake so su suka yanke hukuncin.

Malamina ya saita mini ita a gabana. Ya juya sandar wuya kwata ɗin zagaye kawai, ya ce a bar ta ta kwana kafin a ƙara, katako ba ya son gaggawa. Tazarar firet na 12 yanzu tana ƙasa da milimita 2 kaɗan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na mayar da jitocin aro biyu ga masu su. Kafin in miƙa ta akwatin na ɗan kaɗa ta, sai na ji ta fi mini sauƙi fiye da da, amma yatsuna sun gaji da wuri. Kantar da ta lantarki ke bayarwa ba ta kai tata kauri ba, a nan masu cewa a fara da ta akwati suna da gaskiyarsu. Malamina ya ce duk Asabar rabin darasi a kan tasa za mu riƙa yi, don hannun dama.

Inda nake yanzu: C da G da D da Em suna sauyawa ba tare da na tsaya ba in bugun a hankali ne. F tana fita amma sai na kalli hannuna. Babban yatsa yana iya riƙe bugun ƙasa shi kaɗai, amma da zarar manuniya ta shigo sai ya bi ta ya manta aikinsa. An ba ni aikin gida a kan wannan: manhajar ƙidayar bugu a kan bugu 60 a minti, babban yatsa kaɗai, sannan a ƙara sauti ɗaya tak a sama, kada a ƙara na biyu sai na farkon ya zauna.

Sauran abubuwan da ke jira: ramin jona waya yana ɗan motsi, sai an ɗaure shi. Baturan ba sa daɗewa yadda na zata, zan nemi masu caji. Azumi kuma ya ƙarato, darasin Asabar zai tsaya sai bayan Sallah. In damina ta sauka zan sake auna tazarar firet na 12 in ga yadda wuyan ya motsa.